Daga rigar mai gadi zuwa bayan kyamara a Legas

Rawar farko da na taka a fim a Legas ta mai gadi ce. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. A wani gida a Surulere aka miƙo mini 'yar shara da hula da ƙaramar rediyo, aka ce in buɗe ƙofa da gudu, in karya harshe, in ce "oga". Ko suna ba a ba ni ba a takardar, "aboki" kawai aka rubuta. Na karɓi kuɗina domin kuɗin haya na jirana a Agege, amma a cikin danfo, motar haya ta Legas, abin ya tsaya mini a rai har gida. Na san masu gadi a garin nan. Akwai wanda ya haddace Alƙur'ani, akwai wanda ya aurar da 'ya'ya huɗu da wannan ɗan albashin. Ban taɓa ganin ko ɗayansu a fim ba.

Abin da ya tura ni rubutu ke nan. Tun a Zariya nake cika littattafan makaranta da labarai, amma rubutun fim wata sana'a ce daban. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, kuma ba ka da damar cewa "zuciyarsa ta karaya", domin kyamara ba ta ganin zuciya. Sai ka nemo abin da hannunsa zai yi, ko abin da zai ƙi faɗa. Makarantata ta gaskiya bencin mai shayi ce bayan sallar isha'i. A watan Yunin 2022, da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, hirar bencin duk ta koma kan babura: wanda aka kama nasa, wanda bai gama biyan bashin nasa ba, wanda ya ɗora nasa a tirela zai koma Arewa. A nan na samo labarin wani saurayi da aka ƙwace wa babur ana saura wata biyu bikinsa.

Duk daraktan da na kai wa rubutun sai ya ce labari ya yi, amma a mayar da shi Turanci ko Burokin. Ni kuwa ina da hujjata. A 2019 an cire fim ɗin Nijeriya mai suna Lionheart daga gasar fina-finai ta Oscar saboda Turanci ya yi masa yawa, a shekarar da ta biyo baya kuma The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa aka yi, shi Nijeriya ta tura. Da na ga ba mai ɗauka, sai na hau kujerar darakta da kaina, na kuma fito a matsayin saurayin.

A nan na tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai. Hankalina ya tafi kan fuskata da haddar maganata, na bar kunnena a baya. Agege ba ta yin shiru. Janareton maƙwabta na ruri, jirgin ƙasa na wucewa, ruwan sama na dukan kwano, mai talla na kiran burodi. Yaron da ke riƙe da makirfo ya cire abin kunnensa ya ce, "Yaya, wallahi ƙarar nan ta yi yawa." Na ce masa za mu gyara wajen tace sauti bayan an gama ɗauka. Ba ta gyaru ba. Aikin kwana uku, rabin maganar ba ta jiyuwa. Dole muka sake ɗaukar muryoyi a wani ɗaki a Ikeja, muka jingina katifu a bango muka rataya barguna, kowa na kallon leɓensa a allo yana bi. Muryoyin sun fito tas, amma zafin da ke cikinsu ranar da muke tsaye a rana ya tafi. Tun daga nan, duk ranar da zan fito a fim ɗin da nake ba da umarni, sai na zaunar da wani a gaban allo, in kuma ba mai sauti ikon tsayar da kowa, har ni. Kafin in kafa kyamara a layi kuma, sai na je na gaida manyan unguwa, na roƙi mai janareto ya kashe na awa ɗaya, in biya shi.

Ba a silima muka fara nuna fim ɗin ba. A tsakar wani gida ne, muka ɗaure farin zanen gado a igiyar shanya, 'yan acaba da mahauta daga Oko-Oba suka cika tabarmi. Da aka gama, wani dattijo ya yafito ni, na durƙusa kusa da shi. Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma wanda aka ƙwace wa babur ba ya kuka a titi. Ɗaki yake shiga, ya kira mahaifiyarsa, ya ce mata komai lafiya." Na ce, "Na gode, Baba."

Bayan mako biyu na sake aron kyamara. Muka ɗauki saurayin zaune a bakin katifa, hular kwano a gefensa, waya a kunne, yana cewa, "Inna, kasuwa alhamdulillahi." Muka jira jirgi ya wuce tukuna, sannan mai sauti ya ɗaga mini hannu.