Keken nan ya tona min asiri

Talata.

Da na dawo daga masallaci da asuba na ce yau kam sai na hau keken motsa jikin nan. Na kwashe gyalen Maman Khalifa guda biyu da tawul ɗin yara da ke rataye a kansa, na zauna na fara murza feda. Allon ya kawo haske, lambobi suka fito, ina ɗan sassauta ƙafa ya mutu ɗif. Na sake, haka dai. Na sauka ina ta faɗa ni kaɗai, wai an cuce ni an sayar min da gwanjon da ya gama yayi.

Shayi, kai yara makaranta, ofis. Rana kamar ta dafa mutum.

Bayan la'asar Ɗanladi mai gyara ya zo da 'yar mitarsa a leda. Ya kwance murfin gefe, ya nuna min cikin. Ashe shi ya sa keken ba shi da wayar jonawa a bango: akwai ɗan janareto a jikin tayar ƙarfen, murzawar mutum ce ke ba da wuta, ita ke cajin wani ƙaramin batir mai volt 6, sak irin na fankar caji. Ya duba fiyus, lafiya lau. Kawunan batirin sun yi wani farin gari, ya kankare da sanfefa, ya ɗora mita. Huɗu da 'yan kai. Ya ce mai lafiya in ya cika yakan nuna 6.3. Sai ya ce in hau in murza da ƙarfi. Ina haki yana kallon mita, ta haura kusan 7.

"Alhaji, janareton na ba da wuta. Yaushe rabonka da hawa?"

Na ce ai ban wani daɗe ba.

Khalifa yana bakin ƙofa da biredi a hannu. "Abba, tun kafin azumi fa."

Ɗanladi ya sunkuyar da kai wai yana neman noti, amma na ga kafaɗarsa na rawa. Da ya gama dariyarsa a ɓoye ya ce irin wannan batirin ba ya son zama. Ko ba a taɓa shi ba yana sauka a hankali, in ya daɗe a ƙasa sai wani abu kamar gishiri ya kama farantan dalmar da ke ciki, daga nan ko an yi masa caji ba ya riƙewa. "Ba keken ba ne, Alhaji." Bai ƙara komai ba, da ma ya ƙara da ya fi min sauƙi.

Na yi dariya a gabansu. Amma tun magariba abin ke cina. Ranar da likita ya auna jinina ya cire tabarau ya kalle ni, ni na yi alkawarin minti talatin kullum, ba wanda ya tilasta ni. Baba ma haka ya riƙa cewa gobe, gobe, har ranar da hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Wata nawa ina wuce keken nan sau biyar a yini, ina ganinsa kamar kujera.

Tuwon dare bai shiga ba sosai.

Ɗanladi zai sayo sabon batir a Sabon Gari gobe, na ba shi kuɗin. Yanzu na leƙa ɗakin zan kashe fitila, na tarar an mayar da gyalen, har an ƙara da hijabi.