Igiya Biyu a Tsaunukan Shenandoah

A watan Oktoba, lokacin da ganyayen itatuwa ke rikiɗa su koma ja da ruwan ɗorawa, ni da wani abokina ɗan Damagaram da ke karatu a Amurka muka bar Washinton da asuba, muka nufi gandun dajin Shenandoah da ke jihar Birjiniya. An kafa wannan gandu a 1935, kuma doguwar hanyar ƙafa ta Appalachian, wadda ta taso daga Jojiya har zuwa Maine ta ratsa jihohi 14, tana bi ta cikinsa na tsawon kimanin kilomita 160. Niyyarmu ita ce mu kama hanyar daga Thornton Gap, mu yi kudu da ƙafa har Big Meadows, muna kwana a daji. Ba mu ɗauki tanti ba, kowannenmu tamfol kawai ya ɗauka, saboda haka wurin kwanciyarmu da tsaron abincinmu duk sun rataya ne a kan igiya.

Tun a kantin kayan tafiya, kafin ranar tashi, muka yi saɓanin ra'ayi. Abokina ya ɗauko igiyar laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi, wadda kusan kowa ke fara saye, ya nuna mini abin da aka rubuta a jikin takardarta: tana ɗaukar nauyin fam 550, wato kusan kilo 250, kafin ta tsinke. Ya ce, "Malam, igiyar da ta riƙe soja a sararin sama, ai tamfol ba zai gagare ta ba." A wajen ƙarfi yana da gaskiya. Igiya ce ta nailan mai kaurin kimanin milimita 4, da zaruruwa bakwai a cikinta, kuma tun Yaƙin Duniya na Biyu ake amfani da irinta. Sai dai da gangan aka yi ta mai miƙewa, domin ta shanye fizgar da ake ji idan laima ta buɗe, har ƙa'idar ƙirarta ta ce ta iya ƙara aƙalla kashi 30 cikin ɗari na tsawonta kafin ta tsinke. Wannan halin alheri ne ga mai dirowa daga jirgi, amma a tsakanin itatuwa biyu aibi ne. Ni na sayi igiya iri biyu: ta foliyesta mai kaurin milimita 3, mita 10, domin ƙashin bayan tamfol, wato igiyar da ake ja tsakanin itatuwa biyu a ɗora shi a kai, da wata siririya mai santsi ta wani zaren roba mai ƙarfi da ake kira Dyneema, mita 15, domin rataye abinci.

Hawan farko daga Thornton Gap zuwa dutsen Mary's Rock yana da tsauri, hanya ce mai duwatsu da ake bi da taimakon farin fenti da aka shafa a jikin itatuwa. Daga saman dutsen muka hango kwarin Shenandoah shimfiɗe a yamma, gizagizai kuma suna haɗuwa a bayansa. Ganin haka muka ƙara sauri, muka nemi masauki tun kafin la'asar ta yi sanyi.

Na ɗaura igiyata a itace na farko, na sa 'yan karare tsakaninta da ɓawon domin kada ta yi masa rauni, sannan na ja ta zuwa na biyu da irin ɗaurin da direbobin manyan motoci ke yi wa kaya, wanda ke ninka ƙarfin hannu. Da na taɓa ta da yatsa sai ta yi ƙara saboda tsananin ɗamewa. A kanta na naɗa ƙananan zobba biyu na igiya da ƙullin da ake dangantawa da Karl Prusik, mahayin duwatsu ɗan Ostiriya, ƙullin da ke zamewa idan aka tura shi da hannu amma ya cije idan aka ja shi, na maƙala bakunan tamfol ɗin a jikinsu. Abokina ma ya ɗaure tasa tamau, kuma da magariba babu mai iya bambance rumfunan biyu.

Ruwa ya sauko bayan isha'i, ya yi ta zuba har tsakar dare. Nailan yana shan ruwa, kuma idan ya jiƙe sai ya saki jiki, foliyesta kuwa kusan ba ta shan komai. Can cikin dare na ga hasken tocilan, na leƙa na tarar da abokina a tsaye cikin ruwa yana sake ɗame igiyarsa, domin tsakiyar tamfol ɗinsa ya lotsa, ruwa ya taru a ciki har yana taɓa jakar barcinsa. Igiyar ba ta ko kusa tsinkewa ba, kuma babu iskar da za ta ɗora mata nauyin kilo 250 ba tare da ta fara yaga tamfol ɗin ba. A ganina wannan lambar da ake bugawa da manyan haruffa ita ce mafi ƙarancin amfani ga mai kafa rumfa. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne ko igiyar za ta tsaya yadda ya bar ta bayan ta jiƙe. Da safe na yanka masa ragowar tawa muka haɗa, muka kuma ɗaura ɗan guntun zare a kowane gefe kusa da bakin tamfol, domin ruwan da ke gangarowa ta jikin igiya ya ɗige a nan.

Batun abinci ya fi wannan nauyi, domin dajin gidan baƙar beyar ne, dabba mai ƙarfin hanci da iya hawan itace, kuma a kaka ne take cin duk abin da ta samu don tara kitse kafin hunturu. Dokar gandun ta ce a rataye abinci aƙalla ƙafa 10 daga ƙasa da ƙafa 4 daga gangar itace, wato kimanin mita 3 sama da fiye da mita ɗaya gefe. A bukkokin matafiya da ke kan hanyar akwai dogayen sandunan ƙarfe da aka kafa don haka, amma wanda ya kwana nesa da su sai ya nemi reshe. Hikimar ɗaya ce da ta ragayar da iyayenmu mata ke rataye ƙwaryar nono a ɗaka, sai dai a nan wanda ake gudu yana iya bin igiyar da hanci ya cije ta. Komai mai ƙamshi yana shiga jakar: dabino, man gyaɗa, shinkafa, man goge baki, sabulu, har da 'yar kwalbar turaren da abokina ba ya rabuwa da ita.

Samun reshen ya fi jifan wuya. Ana son mai rai, mai tsayin kusan mita 6, wanda zai ɗauki jaka amma ba zai ɗauki beyar ba, kuma nesa da wurin kwana. Na sa dutse a 'yar ƙaramar jaka, na ɗaura a bakin igiya, na jefa ta bisa reshen wani itacen oak. A nan ne santsin Dyneema ya yi rana. Igiyar laima tana da kaushi da miƙewa, tana kama ɓawo, kuma idan jaka ta yi nauyi mutum zai yi ta ja igiya na tsawo kaya na ƙasa, tana kuma goge fatar reshen. Siririyar kuwa, wadda asali masu aikin saran itatuwa ke jefa irinta, ta zame a kan reshen ba gardama. Mita 15 nata bai kai giram 40 ba, alhali igiyar laima mai wannan tsawon ta kai giram 100.

Dabarar ratayar da na yi amfani da ita ita ce wadda ake kira da sunan hanyar ƙafa ta Pacific Crest. Na maƙala jakar a ƙugiyar ƙarfe mai marfi da ke bakin igiya, na zura ɗaya bakin ta cikin ƙugiyar, na ja har jakar ta kai ga reshe. Sannan na miƙa hannu iya tsawona na ɗaure ɗan kara mai kaurin yatsa a jikin igiyar, na sassauta a hankali. Jakar ta yi ƙasa, karan ya yi sama, suka haɗu a ƙugiyar ya tokare, kaya suka tsaya kimanin mita 4 daga ƙasa, ba tare da an ɗaure komai a gindin itace ba. Ko beyar ta ja igiyar da ke lilo, jakar sama za ta ƙara yi.

Siririyar igiya tana da nata sharuɗɗan. Tana yanka tafin hannu idan aka ja ta da nauyi, don haka a jikin sanda nake naɗa ta in ja. Santsin da ke taimakonta a kan reshe shi ke sa ƙulli ya zame, sai an ƙara zagaye ɗaya ko biyu a kan karan. Tana narkewa a zafin kimanin digiri 150 na ma'aunin Celsius, saboda haka ba a ajiye ta kusa da risho. Tana kuma saurin cukurkuɗewa idan ba a naɗe ta a tsanake ba. Duk da haka ban ga wannan wahala a matsayin abu mai yawa ba, domin beyar da ta saba samun abincin mutane takan daina tsoronsu, kuma sau da yawa ƙarshenta shi ne ma'aikatan daji su kashe ta. Rataya mara kyau ba asarar kalacin mutum ɗaya ba ce kawai.

Muka ci gaba ta Stony Man da Skyland, muka wuce gefen Hawksbill, tsauni mafi tsawo a gandun, mai mita 1,235. Kusa da wani rafi muka ga sawun beyar sabo a cikin taɓo, yatsu biyar da alamar farce a gaban kowanne, amma ita kanta ba mu haɗu da ita ba. Kafin mu isa Big Meadows abokina ya ƙware a jifa fiye da ni, igiyar laimarsa kuma ta sami aikin da ya dace da ita, wato ɗaure kaya a bayan jaka da maye gurbin igiyar takalmi da ta tsinke. A hanyar komawa ya ce baɗi gandun dajin Yosemite yake so mu je, na gaya masa cewa a dajin can an hana rataye abinci, sai dai a zuba shi a gwangwani mai tauri wanda beyar ba ta iya buɗewa, don haka igiyar tamfol kaɗai za mu ɗauka, kuma ya ce tasa ma ta foliyesta zai saya.