Abin da ƙurar silikon kabaid ta koya min

Baƙar sanfefan nan da masu fentin mota a Gusau ke jiƙawa da ruwa suna goge bodi, to silikon kabaid ne a jikinta. Wani Ba'amurke Acheson ya fara dafa shi a 1891, kuma tun 1907 aka lura yana ɗan ƙyalli in an sa mai lantarki, sai dai ƙyallin ba ƙarfi sam, saboda a babban dunƙule lantarkin ciki ba ya iya sakin haske kai tsaye, sai ya jira girgizar ƙwayoyin ta taya shi. A kan wanga abu nake aikin mastas, amma ba dunƙulen ba, ƙurarsa.

Don a samu ƙurar, ana cinye fuskarsa da wani asid mai suna HF tare da sa mai lantarki, a jefa cikin ruwa ko itanol, injin ultrasonik, mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, ya yi ta girgiza shi har ƙananan ƙwayoyi su ɓalle su bazu. Ruwan sai ka ganshi garau kamar ba komai ciki, amma kashe fitilar ɗaki ka haska mai UV, hasken nan da ido ba ya gani, wallahi shuɗin da ke tashi a ƴar kwalbar nan sai wanda ya gani. Shi HF ɗin kuwa ba abin wasa bane, yana ratsa fata ya je ga ƙashi tun mutum bai ji zafi ba, ba a buɗe shi sai da safar hannu da man kalsiyam gulukonet a kusa.

Inda na fi koyon abu shine wajen fassara hasken. Kowa so yake ya ce ai ƙanƙanta ce, kwantom ce, wato yadda halin abu ke canzawa in ya ƙanƙance matuƙa, balle tunda aka ba masu ɗigon kwantom, wasu ƙananan ƙwayoyi da launin haskensu ke bin girmansu, kyautar Nobel a 2023. Kuma akwai gaskiya ciki, nau'in silikon kabaid da ake kira 3C gibinsa, wato ƙarfin da lantarkin ciki ke buƙata ya tsallaka mataki, wajen 2.3 ne a ma'aunin eV, in ƙwayar ta matse zuwa ƴan nanomita kaɗan (nm, kashi ɗaya cikin biliyan na mita) gibin na buɗewa hasken ya karkata wajen shuɗi, masu bincike a Nanjin ta China sun nuna haka a 2005. To amma ɗauki ƙura ɗaya ka raba, rabi a ruwa rabi a itanol, hasken ba zai zo iri ɗaya ba alhali girman bai canza ba. Ƙwayar da ta ƙanƙance haka kaso mai yawa na jikinta fata ne, kuma fatar cike take da oksijin da ƴan rukunin asid da ke mu'amala da ruwan, ko tsamin ruwan ka taɓa sai zanen hasken da injin awo ke fitarwa ya motsa.

Ga kuma ruwan kansa da nasa surutu. Haska ruwa zalla da haske mai zangon 350 nm, injin awon zai nuna maka ɗan tsini wajen 397 nm, wannan na Raman ne, wato hasken da ruwan kansa ke watsowa, ba ruwanshi da ƙurarka, kuma abin haushin in ka canza hasken da kake aikawa shima sai ya matsa, daidai halin da muke nema a ƙwayoyin a matsayin alamar kwantom. Shi yasa Malam baya ko kallon zanen ɗalibi sai ya ga na ruwa zalla a gefe, kuma a kwalbar kwatz, wadda UV ke ratsawa, don gilas na shanye UV mai gajeren zango.

Masu son haska ƙwayoyin halitta da shi na da hujja, ba kadmiyam mai guba ciki kuma baya dushewa da wuri, amma cikin jiki ma ai ruwa ne mai gishiri da furotin, kenan sai an sake aunawa a can.