Talata, ni da Dsus4

Hunturun bana ya matsa wa jitata. Iska ta bushe ƙayau, tsirkiyoyin ba sa riƙe saiti, musamman ta B. Bayan la'asar na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa Arkilla wurin Yaya, don shi ya ce yau za mu taɓa kod (sautukan da ake kaɗawa tare) ɗin da ake kira sus, wato gajeren suspended, ma'ana a rataye.

Sunayen ne kawai ke da ban tsoro. Kod ɗin D sauti uku ne: D, F# da A. Na tsakiyan nan, F#, shi ke gaya wa kunne cewa kiɗan na fara'a ne. Idan ka ɗora ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 (gaɓoɓin nan na wuyan jita) ta siririyar tsirkiya, F# ya tafi, G ya maye gurbinsa, ka sami Dsus4 ke nan. Idan kuma ka ɗaga yatsan tsakiya ka bar tsirkiyar a sake, E ce za ta fito, wato Dsus2. Sautin ba na murna ba, ba na baƙin ciki ba, yana nan a rataye kamar baƙon da ya yi sallama ya tsaya a zaure.

"Ƙane, kada ka yi saurin sakin wanga yatsa," in ji Yaya. "Bari kunne shi ƙosa tukuna, sannan ka koma D."

Daga nan ya jera mini G, Cadd9, Em7, Dsus4. Abin da ya burge ni, yatsan zobe da ƙaramin ba sa motsawa daga gaɓa ta 3 na tsirkiyoyi biyu na ƙasa, sauran biyun ne ke yawo a sama. Shi ya sa jerin yake fita a ɗinke, don D da G suna ta amo a kowane kod. Sai dai ƙaramin yatsan nan rago ne, bai yi kanta ba, tsirkiya ta shata masa layi har yanzu yana zugi.

Cmaj7 kuwa ba wuya, manuniya kawai za ka ɗaga daga C. Yaya yana sonsa ƙwarai. Ni dai ya yi mini sanyi da yawa, Cadd9 ya fi cika kunne.

Ana kiran magariba muka ajiye. Gobe zan gwada Asus2 da Asus4, amma sai Inna ta fita unguwa, don ta ce ƙarar ta ishe ta.