Kafin in miƙa magani, sai na ji yadda aman ya fito

Shagona na maganin dabbobi yana Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello. Yawancin cinikina na kaji ne da tumaki da awaki, amma da wuya mako ya wuce ba a zo mini da zancen kyanwa ba. Maganar kusan ɗaya ce: "Malam, magenmu da ta ci abinci sai ta amayar, ba ni maganin amai."

Ba na saurin ɗauko kwalba. Sai na tambaya me ta ci, yaushe aman ya zo, kuma yaya ya fito.

Idan abincin ya dawo yadda ta haɗiye shi, dunƙule a miƙe kamar ɗan yatsa, 'yan mintoci bayan ci, ba tare da cikinta ya yi ta yunƙuri ba, galibi haɗama ce. A gidan da ake zuba wa kyanwoyi uku a kwano ɗaya, kowace tana tsoron 'yar'uwarta ta riga ta, sai ta haɗiye ba taunawa. Wannan ba ya buƙatar sisin kwabona. A raba musu kwano, a baza abincin a faranti mai faɗi, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan sau 3 ko 4 a rana.

Sai madara. Mutanenmu sun ɗauka ita ce gatan kyanwa, alhali yawancin manyan kyanwoyi cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, sai amai da zawo. Haka ma canza abinci dare ɗaya, ko ragowar kifin da ya kwana a zafin bazara. Miyar da aka sa wa albasa da tafarnuwa kuwa ta fi nan, domin tana lalata mata ƙwayoyin jini. Akwai kuma gashin da take haɗiyewa wajen lasar jikinta, yakan taru ya fito a dunƙule. Tsutsar ciki ma tana sa amai, musamman ga 'yan ƙanana masu kumburarren ciki, wani lokaci har a ga tsutsar fara a cikin aman. Nan ne kawai nake da abin sayarwa, wato maganin tsutsa, kuma da nauyin jikinta ake auna shi.

Abin da yake hana ni barci shi ne guba. Bayan kaka, in an cika ɗakuna da masara, ɓeraye sun yi yawa, sai a watsa shinkafar ɓera ko'ina. Kyanwa ta kama ɓeran da ya ci, ta cinye. Farkon buɗe shagona wata baiwar Allah ta zo, ban tsananta tambaya ba na ba ta maganin tsutsa. Kwana biyu ta dawo ta ce kyanwar ta mutu, ashe maƙwabta sun sa guba. Har yau abin yana raina.

Tun daga ranar, in aka ce mini akwai jini a aman, ko tana ta amai a jere, ko ta yi laushi ta ƙi abinci kwana guda cur, ko an ga zare yana leƙowa daga bakinta, ko tsohuwar kyanwa ce da take ramewa tana yawan shan ruwa, ba na sayar da komai. Ni ba likita ba ne. Asibitin koyarwa na dabbobi na jami'a yana kusa, can nake tura su. Zaren nan kada a ja shi, yana iya yanka hanji. Kuma ina roƙon kowa da girman Allah kada ya ba kyanwa Panadol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Jiya wata dattijuwa ta zo daga Sabon Gari da jikanta, yana rungume da kwali. Na ce, "Hajiya, kyanwoyi nawa ne a gidan?" Ta ce huɗu, kwanonsu ɗaya. Na ce ta raba musu, in kwana uku kyanwar ba ta daina aman ba ta dawo mu je asibiti tare. Yaron ya ce shi zai ba ta tsohon farantinsa na makaranta.