Wasiƙa daga Landan: Yadda editoci ke haɗa labaran rana

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Muna lafiya, sai sanyi. Na yi niyyar ba ku labarin kuɗin haya da wahalar takardun zama, amma tambaya ɗaya ta cika mini WhatsApp: ku da kuke aiki a gidajen labaran Turawa, me ya sa in bala'i ya same mu ba a cika faɗa ba, amma a ɓata minti biyu a kan kare ko kyanwa?

Amsar na cikin wata 'yar kalma da ba a tashi taron editoci na safe ba a faɗe ta ba, wato "miks". Ita uwargida ke faɗa in za ta kwaɓa fulawa da ƙwai, ita birkila ke faɗa wa siminti da yashi. A ɗakin labarai kuwa haɗin labaran ranar ake nufi: siyasa nawa, na ƙetare nawa, ina na kuɗi, ina ƙwallo, ina mai sa kuka, ina mai sa murmushi. Edita yana auna kowane labari ne da maƙwabtansa a jeri. Za ka gan shi tsaye gaban farin allo, kofin shayi a hannu, ya ƙura wa jerin ido can ya ce abin ya yi nauyi, ya sa hannu ya goge layi ɗaya. Wani lokaci layin nan garinku ne.

Ranar 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Maiduguri. A ranar ce kuma Trump da Kamala Harris suka yi muhawara a Filadelfiya, ga Gaza, ga Yukren, duk a shirin rabin awa. Na kawo maganar Maiduguri, aka ce mini an riga an sami labaran tashin hankali biyu daga waje, na uku zai kori mai kallo. Da aka ji ruwan ya shiga gidan zu, kadoji da macizai sun bazu cikin unguwanni, nan take kunnuwa suka miƙe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutane na kwana a kan titi da 'ya'yansu, amma kada ne ya buɗe musu ƙofa. Ban ce ƙiyayya ce ba, domin ranar da majalisar Birtaniya ta rikice, ambaliyar arewacin Ingila ma haka ake tura ta ƙasan jeri. Sai dai ma'aunin nasu ne, da mai kallonsu suka ƙera shi, mu kuwa muna nesa.

Labarin kyanwar ma da tarihinsa. Shirin labaran ƙarfe goma na dare na ITN, wani kamfanin labaran talabijin na Birtaniya, wanda aka fara a 1967, ya yi suna da rufewa da ɗan labari mai sauƙi, don kada mutum ya kwanta da yaƙi a kai. A 1978 BBC ta nuna wata agwagwa tana hawa allon taya na yara, har yau kuma 'yan jarida a nan in suka ce agwagwar nan, irin wannan labarin suke nufi. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu; masu sauraron Sashen Hausa na BBC sun san Taɓa Kiɗi Taɓa Karatu.

Inda nake ganin za mu ɗan duba kanmu shi ne labaran gidajen rediyon jihohi. Gwamna ya ce, mataimakinsa ya jaddada, uwargidan gwamna ta raba atamfa, kwamishina ya yi kira. Kafin a zo kan farashin taki ko gadar da ta karye, mai shayi ya murɗa tasha. Jerin muƙamai ake bi. Da mai tsara labarai zai tambayi kansa ko manomi da mai adaidaita da matar da ke layin asibiti sun ji nasu a cikin minti goman farko, da ba sai mun jira Landan ta tuna da mu ba.

Maganar takardu kuwa, hukumomin nan sun daina ba da katin zama, komai ya koma intanet, sai ka yi addu'a shafin ya buɗe a filin jirgi. Haya kam ku bar ta, sai wani jiƙon.

Ku gaida kowa da kowa.
Naku, daga Landan