Godiya ga waɗanda suka raba dare da ni

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki.

Yau mako 6 cif da aka shiga da ni ɗakin tiyata aka rage mini tumbi, kuma Alhamdulillahi jiki ya yi sauƙi. Saƙonni sun taru a wayata har na kasa bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini afuwa. A kwanakin nan ko dariya zan yi sai na dafe ciki.

Duk wanda ya zo dubiya tambayarsa ɗaya ce, kilo nawa ka sauke? To ga mai son ji, na shiga da kilo 146, jiya na hau sikeli na ga 129. Amma ni abin da ya kai ni gaban likita barci ne. Shekara 7 ina fama da ɗaukewar numfashi cikin dare. In yi ta minshari, sai in yi tsit kamar an kashe inji, can kuma in zabura ina haki. Da na'urar CPAP nake kwana, wadda ke hura iska ta hanci don kada maƙogwaro ya toshe. Ga hawan jini, ga suga ya fara leƙowa. Da aka haɗa nauyina da tsayina ma'aunin BMI ya nuna 47, alhali tun daga 40 an daɗe ana ba mutum shawarar tiyata.

Ranar da aka sa mini rana na yi ta cika baki, har ina tsokanar masu tsoron allura. Ashe in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mako 2 kafin aikin aka ɗora ni a kan abinci mai ruwa-ruwa don hanta ta motse, saboda a kan tumbi take kwance kuma sai an ɗaga ta kafin a kai ga wurin aiki. Yunwa da fargaba suka haɗu, barci ya ƙaurace wa idona. Ƙarfe 2 na dare sai ka gan ni da waya a hannu ina bin labaran waɗanda aikinsu ya zo da matsala. Ba na karanta na dubban da suka tashi lafiya, na mutum ɗayan nan da ya sha wuya nake nema, in karanta cikina ya ɗuri ruwa, in sake nemo wani.

Godiyata ta farko ga likitar da ke sa barci ce. Da na je ganinta kafin aiki na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na fito fili na ce, likita, in ban farka ba fa? Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mini in daina wannan tunanin ba. Kujera ta ja ta zauna. Ta ce tun daga lokacin da idona zai rufe har ya buɗe tana tsaye a kaina, ba ta da wani aiki sai ni. Ta faɗa mini abin da kowace na'ura ke nuna mata, bugun zuciya, hawan jini, yawan iskar da ke cikin jini, da yadda za a sa mini bututu a maƙogwaro inji ya riƙa yi mini numfashi. Ta ce ta san da matsalar numfashina, don haka in zo da na'urata asibiti, kuma za a ɗaga mini kai da kafaɗu. Na roƙe ta ƙwayar barci ta hana, ta ce mai irin larurata kada ya kuskura ya sha ba da saninsu ba, domin tana rage ƙarfin numfashi. A madadinta ta koya mini in ja iska ta hanci ina ƙirga 4, in sake ta a hankali ina ƙirga 6. Na raina abin a zuciyata, amma a kan gadon da ake tura mutum zuwa ɗakin tiyata shi kaɗai na tarar a hannuna, shi da addu'a. Likita, Allah ya saka miki da alheri.

Sai maman yara. Ke kika ƙwace wayar nan daga ƙarfe 10 na dare, kika ce duk tambayar da ta taso in rubuta a takarda mu kai wa likita. Daren da za a wayi gari a yi aikin, an hana ni cin komai daga tsakar dare, ina ta juyi. Ba ki ce mini in kwantar da hankalina ba ko sau ɗaya, kuma na gode da hakan, don na ji wannan maganar daga bakin mutum ya fi 30 ba ta taɓa kwantar mini da komai ba. Fitila kika kunna, kika zazzage jakar da kika riga kika shirya, kika ce mu sake dubawa ko an manta wani abu. Na san ba a manta komai ba. Muka ninke riga muka warware har asuba ta yi.

Akwai kuma wanda ya kira ni ana gobe aiki don kawai ya ba ni labarin wani da ya shiga bai fito ba. Na yafe masa, amma don Allah a daina.

Aikin kansa ba ni da abin faɗa a kai, tunda ina barci aka yi. Ƙananan yanka 5 aka yi, aka zura kyamara da kayan aiki, aka cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, saura siriri kamar ayaba. Da na farfaɗo, abin mamaki, kafaɗata ce ke ciwo fiye da cikin. Nas ɗin dare ce ta warware mini. Ta ce iska ake hurawa a ciki don likita ya samu sararin aiki, ragowarta ke takura wa shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki, jijiyar wurin kuma tana kai saƙon ciwon har kafaɗa. Maganinsa tafiya. Ƙarfe 3 na dare baiwar Allahn nan ta tashe ni zaune, ta sa mini silifa da hannunta, tana tura ƙarfen ƙarin ruwa ina jan ƙafa, muka kai ƙarshen baranda muka dawo. Ta ce tafiyar nan, da doguwar safar da ta matse mini ƙafa, da allurar da ake yi mini, duk don kada jini ya daskare a jijiya ne. Ban riƙe sunanki ba, 'yar'uwa, amma ina sa ki a addu'a.

Wuyar gaske a gida na same ta. Gadon asibiti ana ɗaga shi a sauke da maɓalli, namu kuwa shimfiɗe yake. Daren farko na miƙe rigingine, ɗinki ya ja, na nemi tashi na kasa, ina ta wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka birkice. Da gari ya waye sai ga Yaya da kujerarsa mai kishingiɗa a bayan mota, wadda ko yaransa ba ya bari su hau. A kanta na kwana 9. Yaya, ban san da bakin da zan gode muku ba.

Da na koma gado mun yi ta gwaji kafin mu gane. Tara matasai a ƙarƙashin kai kawai ba ya yi, wuya yake lanƙwasawa ya kuma matse ciki. Daga ƙugu ake fara tudun, ya tafi a hankali har kai, sannan a sa wani matashin a ƙarƙashin gwiwa don fatar ciki ta saki. Akwai wani ɗan ƙarami da nake rungumewa in tari ko atishawa ta taso, autata ce ta ba ni nata. Tashi ma sai da na koya kamar yaro: in lanƙwasa gwiwa, in mirgina gefe gaba ɗaya, in sauke ƙafafu, in tura da gwiwar hannu. Maganin ciwo nakan sha shi rabin awa kafin in kwanta, kuma farasitamol ne kawai, don an yi mini kashedi da su ibuprofen da diclofenac, suna iya cin sabon tumbin. Ƙwannafi ya dame ni a mako na 3, sai da na daina sa komai a ciki awa 3 kafin barci, na kuma koma kwanciya a gefen hagu da ɗinkin ya bari. Ruwa lita 1 da rabi ake so in sha a yini, da kurɓi-kurɓi, to in na yi sakaci da rana na tara shi da dare, kwana nake ina zaryar banɗaki. Rub da ciki kam har yau ban gwada ba.

Abin da ban zata ba shi ne tsoron zai biyo ni har bayan aiki. A mako na 2 akwai daren da na zauna ina hawaye, ina cewa me ya kai ni, ga shi abin da aka yanke ba ya dawowa. Kowane ɗan motsi a ciki sai in ce ɗinkin ne ya buɗe. Abu biyu suka taimake ni. Na farko takardar da likitan tiyata ya ba mu ranar sallama, mai ɗauke da alamomin da in an gani a kira shi ko ƙarfe nawa ne: zazzaɓi, zuciya na bugawa fiye da 120 a minti, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, sarƙewar numfashi, kumburin ƙwauri, ko aman da ba ya barin ruwa ya zauna. Sai maman yara ta auna zafin jikina, ta kama hannuna ta ƙirga tana kallon agogo, ta ce, Malam, naka ba ya cikin takarda, kwanta. Sau ɗaya muka kira da jiri ya ɗebe ni, aka ce ƙarancin ruwa ne, kuma ba wanda ya nuna mana mun takura masa.

Na biyu wani bawan Allah ne da aka yi wa irin aikin shekara 2 da suka wuce, asibitin ne suka haɗa mu. Na tura masa saƙo tsakar dare ina jin kunya, sai ga amsa, ya ce shi ma ya yi wannan kukan, kuma a kan kujera ya yi shi. Ɗan'uwa, na gode.

Inna, na san ba ki so aikin nan ba, amma da kika ga na dage kika sa albarka, kuma an faɗa mini ba ki runtsa ba a daren. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Abokan aiki da suka ɗauke mini nauyi, maƙwabta da suka riƙa kai yara makaranta tunda an hana ni tuƙi da ɗaukar kaya, da duk wanda ya yi mini addu'a ban sani ba, Allah ya biya ku, ya bar zumunci.

Har yanzu da na'urar nake kwana, likita ya ce kada in ajiye ta sai an sake gwajin barci an gani. Amma shekaranjiya na kwanta ƙarfe 11 ban farka ba sai 5 da rabi, har maman yara ta ce sau 2 tana tashi ta kara hannu a ƙirjina, don shirun ya yi mata yawa.

Yaya, kujerarku tana nan an goge ta. In kun samu lokaci a turo yaro ya ɗauka, ni har yanzu ba a ba ni izinin ɗaga ta ba.